Wa Ke Biyan Abin Da Ba Mu Gane Ba?

Sana'ata rubuta manhaja ce. Ina zaune a Maraɗi, kuma yawancin aikina na ƴan kasuwa ne: in rubuta wa mai kanti abin da zai riƙa lissafa masa kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da waɗanda aka ɗauka bashi. Duk wanda ya yi wannan sana'a ko da shekara guda ce ya san wata irin rana. Ka rubuta umarni layi bayan layi, ka karanta, ka sake karantawa, komai daidai, amma na'ura ta fito da abin da ba shi ka nema ba. Ka gwada sau ashirin ta yi daidai, kana juya baya ta sake ɓatawa. Abokan sana'a kan yi wasa su ce aljani ya shiga. Na daɗe ina ɗaukar irin wannan rana a matsayin ciwon kai na ma'aikaci kawai, har sai da wata tangarɗa tawa ta ci albashin wani yaro da mutuncinsa. Tun daga lokacin nake tambayar kaina: idan abu ya faru ba mu gano dalilinsa ba, me ya halatta mu yi kafin mu gano, kuma wa ya kamata ya ɗauki nauyin rashin saninmu?

Wani Alhaji, aminin mahaifina, yana da kantin sari na kayan masarufi: shinkafa, sukari, mai, taliya, sabulu. Na rubuta masa manhaja a lokacin sanyi, kuma tsarinta mai sauƙi ne. Duk kayan da suka fita, yaron kanti zai shigar da su tare da sunan mai saye. Idan sunan yana cikin jerin masu ɗaukar bashi, sai manhajar ta rubuta kuɗin a kansa. Idan ba ya ciki, sai ta ɗauka cinikin hannu ne, ta ƙara kuɗin a kan abin da ya kamata a tarar a aljihun tebur da yamma, sannan ta watsar da sunan, domin a ganina babu amfanin ajiye sunan wanda ya biya ya tafi. Wata uku tana aiki lafiya lau, Alhaji yana nuna wa maƙwabtansa ita yana sa mini albarka.

Da watan Maris ya kama, zafi ya fara, sai giɓi ya fara fitowa. Wata rana a ƙirga kuɗi a tarar jika 9 na sefa sun yi ƙasa, a yi kwana huɗu lafiya, sai kuma a tarar jika 18 babu. Alhaji ya kira ni. Na buɗe manhajar na bi ta layi layi ban ga komai ba. Na shigar da cinikin gwaji iri iri a kwamfutata, lissafi ya fito cif. Na je na wuni a kantin kwana biyu a jere, daga buɗewa har rufewa, ko dala ba ta ɓata ba. Kwana biyu bayan na daina zuwa, giɓi ya dawo.

Masu sana'armu suna da suna ga irin wannan tangarɗar da ke ɓacewa da zarar an zuba mata ido. Suna ce mata Heisenbug, don tsokana da sunan masanin kimiyyar nan na Jamus, Werner Heisenberg. Amma a kasuwa, abin da ke ɓacewa idan an sa ido ya dawo idan an kau da kai, sunansa ɗaya ne. Alhaji ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, ina so ka gaya mini gaskiya. Na'urar nan tana kuskure?"

Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka ba ta shi take lissafawa."

Ban ce yaron ya yi sata ba, kuma na daɗe ina rarrashin kaina da haka. Amma mu uku ne kawai a cikin maganar: ni, na'ura, da yaron kanti. Na cire kaina, na cire na'ura, ai ba sai na kira suna ba. Aka fara cire giɓin daga albashinsa. Na ji ya taɓa cewa, "Ko dai injin ne, Alhaji?" sai aka yi masa dariya. Bayan giɓi ya fito sau 11, aka sallame shi a farkon watan Yuni. Daga nan kuma giɓin ya tsaya cak, kowa ya ce ai ga zahiri.

Ina roƙon mai karatu ya dubi amsar da na ba Alhaji da kyau, domin kowace kalma a cikinta gaskiya ce. Kwamfuta ba ta ƙarya, tunda ba ta da niyya. Sai dai ba wannan aka tambaye ni ba. Abin da Alhaji yake son sani shi ne ko zai yiwu lissafin ya karkace ba tare da hannun mutum ba, kuma amsar gaskiya ita ce: zai yiwu, na duba ban gani ba, amma rashin ganina bai kore shi ba. Abin da na sani shi ne ban samu kuskure ba. Abin da na bari aka fahimta shi ne babu kuskure. Tsakanin waɗannan biyun akwai rata mai faɗi, kuma a cikin ratar yaron ya faɗa.

Me ya sa na tsallake ratar? Na yi ta juya wannan a raina. Akwai gajiya, domin na yi makonni ina nema. Akwai tsoron kada a ce ɗan wane ya karɓi kuɗi ya yi aikin banza. Amma abin da ya fi su shi ne zuciyar mutum ba ta iya zama da tambayar da ba ta da amsa. Rashin sani yana da nauyi, mutum yana neman inda zai sauke shi, kuma yakan sauke shi a kan wanda ba zai iya tankawa ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni tudun nawa layuka ne da na rubuta da hannuna, na karanta su sau da yawa har idona ya daina ganin abin da ke rubuce, yana ganin abin da na yi nufin rubutawa.

Ba ni kaɗai ba ne na taɓa faɗawa wannan rami, kuma waɗanda suka fi ni ilimi da kayan aiki sun faɗa wanda ya fi nawa zurfi. Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25 ta yi wa majinyata aƙalla shida ruwan hasken da ya ninka ƙa'ida sau da yawa a Amurka da Kanada, wasu daga cikinsu suka mutu. A garin Tyler na jihar Texas, a watan Maris na 1986, wani majinyaci ya ce ya ji kamar an ƙona shi. Injiniyoyin kamfanin suka zo suka gwada, suka kasa sa na'urar ta maimaita kuskuren, aka ci gaba da aiki da ita. Makonni uku bayan haka ta sake yi wa wani. Sai masanin kimiyyar asibitin ya zauna tare da ma'aikaciyar da ke sarrafa na'urar, suka yi ta gwadawa har suka gano cewa kuskuren yana fitowa ne idan aka gyara umarni da sauri, cikin kimanin daƙiƙa 8, kafin na'urar ta gama saita kanta. Ma'aikaciyar ta saba da aikin, hannunta yana gudu. Mai gwaji kuwa a hankali yake dannawa, shi ya sa bai ga komai ba.

Na Birtaniya ya fi kama da nawa. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara amfani da wata manhajar lissafi mai suna Horizon a rassanta. Giɓi ya riƙa fitowa a asusun masu kula da rassan, kuma tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da fiye da mutum 900 a gaban shari'a bisa zargin sata ko ha'inci a lissafi. An ɗaure wasu, wasu sun rasa gidajensu wajen cike giɓin da ba su ci ba. Da yawa daga cikinsu an gaya masu cewa su kaɗai ne ke samun wannan matsala. Sai a 2019, a ƙarar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakuran da za su iya haifar da irin wannan giɓi. A watan Afrilu na 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin mutum 39 a rana ɗaya. Duk tsawon shekarun nan, kotunan Ingila suna tafiya ne a kan ƙa'idar cewa kwamfuta tana aiki daidai sai in an kawo hujjar akasin haka, alhali wanda ake zargi ba shi da hanyar leƙa cikinta. Da na karanta labarin, amsar da na ba Alhaji ce na gani an mayar da ita doka.

Yadda tawa gaskiyar ta fito, babu wayona a ciki. Akwai wani dattijo mai ƙaramin shago a ƙauye, wanda ke ɗaukar kaya bashi a wurin Alhaji ya biya idan ya tara. Ya zo biya bayan damina ta kankama, aka buɗe manhaja aka gaya masa abin da ake binsa. Ya girgiza kai ya ce bashinsa ya fi haka. Ya fito da wani ɗan littafi da yake rubuta komai da ajami, ya karanto ranaku huɗu da ya ɗauki kaya waɗanda babu su a kwamfuta. Alhaji ya ɗauko takardar da yake rubuta ranakun giɓi, ya ga ranakun huɗu suna ciki, kuma kuɗin sun yi daidai har dala.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun watan Maris. Na nemi yaron, na same shi a tasha yana ɗora kaya. Na ce, "Ƙanena, ina so ka gaya mini yadda kake aiki a kantin, tun daga safe, kada ka tsallake komai." Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya fara. Cikin bayaninsa ya ce idan an ɗauke wuta kwamfutar tebur takan mutu, sai ya ɗauki tsohuwar wayar Alhaji ya shigar da ciniki ta intanet. Ni na ba su wannan hanya, amma ban taɓa gwada ta da wannan wayar ba. Ranakun da na wuni a kantin, da aka ɗauke wuta kwamfutata mai batir na miƙa masa. Lokacin zafi wuta ta fi ɗaukewa, da ruwa ya sauka ta daidaita, shi ya sa giɓin ya tsaya daidai lokacin da aka kore shi.

Ba zan faɗi sunan dattijon ba, amma yana cikin sunayen da ake rubutawa da alhamza, irin su Sa'idu, Rabi'u da Isma'ila. Kwamfuta ba ta ganin harafi, lamba take gani, kuma kowace alama tana da lambarta a tsarin Unicode. Alhamzar da madannan kwamfuta ke bugawa, miƙaƙƙiya, lambarta 39. Wayar kuwa tana gyara rubutu da kanta don ya yi kyau, sai ta musanya ta da lanƙwasasshiya, mai lamba 8217. A ido suna ɗaya ne, a wurin na'ura sunaye biyu ne daban. Ta duba jerin masu bashi ba ta ga wannan ba, sai ta ce cinikin hannu ne, ta nemi kuɗinsa a aljihun tebur, ta watsar da sunan kamar yadda na umarce ta. Sai abubuwa uku sun haɗu kafin giɓi ya fito: a ɗauke wuta, mai bashi ya zo a lokacin, kuma sunansa ya kasance mai alhamza. Gyaran bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Abin kunyar shi ne ni Bahaushe ne, na san yadda muke fama da rubutunmu a na'ura, na san a Nijar muna rubuta ƴ a Najeriya kuma da yawa suna rubuta alhamza da y, amma na gina lissafin dukiyar mutane a kan yadda aka rubuta suna.

Wani zai ce, kuma yana da hujja, ai ba a bin kowace tangarɗa har gidanta. Mai sana'a yana da ayyuka da yawa, lokaci kuma ba ya jira. Sau nawa na'ura kan rikice a kashe a kunna ta dawo daidai, babu wanda ya san dalili, kuma babu wanda ya cutu? Na yarda da wannan. Ni ma har gobe ina da abubuwan da na bari ban gane ba, kamar firintar da ke ƙin aiki sai an cire waya an mayar. Ba dole ba ne mutum ya gane komai kafin ya ci abinci. Iyakar da na gano ita ce wannan: ina da damar in bar abu ban gane ba muddin ni ke biyan kuɗin rashin ganewar. Da zarar wani ne zai biya, da albashinsa ko lafiyarsa ko sunansa, to barin binciken ya zama yanke masa hukunci, ko da ban buɗe baki ba.

Wani kuma zai ce, to Alhaji fa? Dukiyarsa ke zuba, ba zai zauna yana jiran mai manhaja ya gama tunani ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma tsakanin zuba ido da korar mutum akwai matakai da yawa da ba mu taka ko ɗaya ba. Da an koma rubuta ciniki a littafi tare da kwamfuta na mako biyu, da an ga inda suka saɓa. Da na sa manhajar ta daina watsar da sunaye, da rana ɗaya ta isa. Da an ƙirga buhunan da suka fita an tambayi wa ya ɗauka, da an ji. Duk waɗannan suna kare dukiyar Alhaji ba tare da an taɓa kowa ba. Abin da ya hana mu shi ne mun riga mun samu amsar da ta gamsar da mu, kuma wanda ya gamsu ba ya ƙara tambaya.

Akwai kuma wasan nan namu na cewa aljani ya shiga. Na daina yinsa, domin na lura yana yin aiki iri ɗaya da zargin yaron kanti: yana rufe tambaya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma na'urar da mutum ya ƙera ya rubuta mata umarni ba ta da wani sirri da ya wuce abin da aka zuba mata da yanayin da take aiki a ciki. A ranar 9 ga Satumba 1947, masu aiki da kwamfutar Mark II a jami'ar Harvard sun bi wata tangarɗa har suka tarar da wani ɗan ƙwaro mai fiffike ya maƙale a cikin na'urar, suka ciro shi suka manna a littafin aikinsu. Abin da nake so a labarin shi ne sun buɗe sun duba, sannan sun rubuta abin da suka gani don na baya. Tangarɗar da ake cewa ba ta da dalili, kusan kullum dalilinta yana wurin da mai nema ya tabbata ba sai ya duba ba. Ni na tabbata suna suna ne, ko da waya aka rubuta shi ko da kwamfuta.

Saura abin da ya fi damuna. Littafin dattijon ya bayyana ranaku 4 daga cikin 11. Sauran 7 babu yadda za a tabbatar, domin manhajata ta watsar da sunayen. Akwai wasu masu bashi da ke da alhamza a sunansu, sun biya abin da kwamfuta ta nuna sun tafi, ko ba su lura ba ko sun lura sun yi shiru. Alhaji ya tambaye ni, "To sauran bakwan fa? Ka tabbata ba shi ba ne?" Wannan karon na ce, "Baba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne na'urata tana iya haddasa irin wannan giɓi, kuma ta haddasa shi sau huɗu. A kan yaron kuwa ba mu da ko shaida ɗaya, sai giɓin da yanzu muka san wani abu na iya kawo shi." Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Daga baya muka shirya a mayar wa yaron duk abin da aka cire masa, ni in biya rabi Alhaji ya biya rabi.

Mun kai masa kuɗin har gida, a gaban mahaifiyarsa. Alhaji ya ba shi haƙuri ya ce ya dawo bakin aikinsa. Ya karɓi kuɗin ya yi godiya, amma ya ce zai ci gaba da aikin tasha. Da zan fita ya raka ni bakin zaure ya ce, "Yaya, ai na faɗa, dariya aka yi mini." Ban sami abin ce masa ba. Labarin korarsa ya zaga layin kasuwar cikin yini ɗaya, labarin wanke shi kuwa har yau akwai waɗanda bai kai gare su ba, kuma ina jin wasu cikin waɗanda suka ji ma suna cewa rufa masa asiri aka yi.

Na canja yadda nake aiki. Kowane mai bashi yanzu lamba gare shi, kuma idan manhaja ta ga abin da ba ta gane ba takan tsaya ta tambaya, ba ta yanke wa kanta hukunci. Ba na barin ta watsar da komai, kowane ciniki tana ajiye wanda ya shigar, da wace na'ura, da ƙarfe nawa. Idan aka kawo mini ƙorafi, kafin in buɗe kwamfuta nakan zauna da wanda hannunsa ke kan aikin kullum in ce ya nuna mini yadda yake yi. Kuma duk mai kantin da zan yi wa aiki, tun ranar farko nake gaya masa cewa idan lissafi ya saɓa, ni zai fara tuhuma, kada ya taɓa albashin kowa sai na kawo masa dalili a rubuce. Wasu suna ganin kamar ina rage wa kayana daraja, har akwai wanda ya fasa ba ni aiki a kan haka ya ce shi na'urar da ba ta kuskure yake nema. Na yi masa fatan alheri, na kuma roƙe shi ya riƙa ajiye littafi a gefe saboda yaransa.